Dalilin da ya sa Gobir ba ta kulle baƙo

A Amurka kamfanoni ne ke tsare baƙin haure masu yawa, irin su CoreCivic da aka kafa a 1983, gwamnati tana biyansu kuɗin kowane kai da suka kulle, kuma mazauna garuruwa da dama sun sha fitowa zanga-zanga a kan haka. Mutumin Gatawa ko Isa, a ƙasar Gobir, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane fushinsu, domin ƙasarsa ta daɗe da sanin inda ake sauke baƙo.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima, ɗan gidan sarautar Gobir, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ce ta ja layi tsakanin garuruwan biyu, ta raba dangi ɗaya gida biyu: Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Najeriya. Shi ya sa a 2019, da 'yan bindiga suka kori mutanen Sabon Birni da Isa, fiye da mutum 40,000 daga arewa maso yammacin Najeriya suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, ƙauyukan Gidan Rumji suka sauke su a zaure da ɗakunan matansu, aka buɗe rumbu aka raba gero. Ko da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kusa da mutanen gari aka zaunar da su, rijiya ɗaya, makaranta ɗaya.

Wasu za su ce talauci ne, babu kuɗin gina katanga. To, a Nijar ɗin nan aka samu kuɗin kafa wa 'yan Sudan sansani a bayan garin Agadas, cikin rairayi, kuma a Janairun 2020, bayan doguwar zanga-zangar mazaunansa, ya ƙone. Wasu kuma za su ce karamcin Musulunci ne kawai, amma Agadasawa ma Musulmi ne. Bambancin, a ganina, zumunci ne: a Gidan Rumji mai gudun hijira ɗan ƙanwar wani ne, kuma babu mai yarda a sa wa ɗan ƙanwarsa kwaɗo, balle wani kamfani ya ci riba da shi. Mutanen da 'yan bindiga ke ɗaure 'yan uwansu a daji suna neman kuɗin fansa sun san ɗacin a mayar da ɗan Adam haja. Gwamnatocin Sakkwato da Maraɗi su tallafa wa gidajen da suka sauki baƙi da hatsi, da magani, da tsaro.