Kwantirolar cajin sola

Kwantirolar cajin sola, wadda masu sana'ar haɗa sola ke kira kwantirola kawai, wata na'urar lantarki ce da ake sanyawa tsakanin fanel ɗin sola da batir. Aikinta shi ne daidaita wutar da fanel ke samarwa daga hasken rana domin batir ya cika ba tare da cajin ya wuce kima ba, da kuma hana wuta komawa daga batir zuwa fanel da daddare. Yawancin ƙananan na'urorin suna kuma yanke wa fitilu wuta idan batir ya yi sanyi sosai. Kwantirola na daga cikin kayan da suka fi araha a tsarin sola na gida, amma tsawon ran batir, wanda kan fi ta tsada nesa ba kusa ba, ya dogara ne a kanta. Nau'i biyu ne suka fi yaɗuwa a kasuwa, PWM da MPPT. Ingancin kowannensu ya danganta ne da yadda ya dace da fanel da batirin da aka haɗa shi da su.

Dalilin amfani da ita

Ana auna ƙarfin wuta, wato boltej, da bolt. Ana auna yawan wutar da ke gudana da amfiya. Idan aka ninka bolt sau amfiya sai a samu wat. Fanel ɗin da ake kira "na bolt 12" yana da sel 36, kuma idan ba a haɗa shi da komai ba yakan nuna bolt 21 zuwa 22 a rana. Batirin dalma mai ruwa, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a shekarar 1859, ba ya jure hakan. Idan aka haɗa su kai tsaye, bayan batir ya cika ruwansa zai riƙa tafasa yana raguwa, farantan cikinsa su lalace, batir ya kumbura. Ruwan yana kuma fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta.

Kwantirola tana cajin batirin dalma ne mataki-mataki. A mataki na farko tana sakin duk wutar da fanel ya kawo. Idan batir ya kai kimanin bolt 14.4 sai ta riƙe shi a nan, amfiya na raguwa a hankali. Daga baya ta sauke shi zuwa bolt 13.6 ko 13.8 don ya zauna a cike. Wasu na'urorin suna da mataki na huɗu, inda lokaci-lokaci suke ɗaga caji sama da bolt 15 don daidaita sel-sel. Wannan matakin na batir mai ruwa ne kawai, yana lalata batirin jel da na litiyam.

Nau'o'inta

PWM

PWM gajartar suna ce ta Turanci mai nufin sauya faɗin bugun wuta. Wannan nau'i makunni ne na taransista da ke haɗa fanel da batir yana kuma raba su sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Idan batir ya kusa cika sai lokacin haɗawar ya ragu. Tun da haɗin kai tsaye ne, boltej ɗin fanel yana faɗowa ya yi daidai da na batir, amfiya kuma ba ta ƙaruwa. Fanel mai wat 100 da ke ba da amfiya 5.5 a bolt 18, idan aka haɗa shi da batirin da ke kan bolt 13.5, abin da zai shiga batir kimanin wat 74 ne.

MPPT

MPPT na nufin bibiyar matsayin da fanel ya fi ba da ƙarfi. A cikinta akwai kwayil da wasu sassa da ke karɓar wuta mai boltej sama su mayar da ita mai boltej ƙasa da amfiya mai yawa. Na'urar tana barin fanel ya yi aiki a kan bolt 18 ɗinsa, batir kuma ya samu kusan amfiya 7 a maimakon 5.5. Masu kyau daga cikinsu ba sa asarar fiye da kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. Sun fi PWM nauyi da tsada. Daga cikin sanannun kamfanonin da ke ƙera su akwai Victron Energy na ƙasar Holan, Morningstar na Amurka da EPEver na ƙasar Sin. Ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 62509, wanda ya fito a 2010, ya tsara sharuɗɗan aikin na'urorin cajin batirin dalma daga sola.

Kwatanci

Ribar MPPT ba ɗaya ba ce a ko'ina. Ana auna fanel a masana'anta ne a zafin digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, kuma boltej ɗinsa yana raguwa da kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. A lokacin bazara a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, fanel ɗin da ke kan rufin kwano yana iya haura digiri 60. A irin wannan zafi bolt 18 kan sauko zuwa 15 ko 16, wato kusa da abin da batir ke buƙata, sai tazarar da MPPT ke cin riba a kanta ta ragu. Saboda haka a ƙaramin tsari mai fanel ɗaya ko biyu masu sel 36, PWM mai inganci ta wadatar, kuma sau da yawa ƙara fanel ya fi sauya kwantirola riba.

Lamarin yana sauyawa idan fanel babba ne. Fanel mai sel 60 da wat 250 yana aiki ne a kimanin bolt 30 da amfiya 8. Idan aka haɗa shi da batirin bolt 12 ta hanyar PWM, wat 110 kacal za a samu, fiye da rabi ya salwanta. A nan MPPT ce ta dace. Ita ce kuma ta dace idan fanel na nesa da ɗakin batir, domin ana iya jera fanel bi da bi boltej ya hau, asarar cikin waya ta ragu.

Zaɓen girma

Ga PWM, ana tara amfiyar da aka rubuta a bayan kowane fanel a ƙarƙashin alamar Isc, a ninka sau 1.25. Fanel biyu masu amfiya 6 kowanne, haɗe gefe da gefe, sun ba da 12, da ƙarin ya zama 15, don haka mai amfiya 20 za a saya. Ga MPPT, ana raba jimillar wat da boltej ɗin batir: wat 400 a batirin bolt 12 na buƙatar kimanin amfiya 30. Sai kuma a duba iyakar boltej ɗin da take karɓa. Na'urar da aka rubuta wa 100/30 tana karɓar bolt 100 daga fanel, tana ba batir amfiya 30. Fanel uku masu alamar Voc ta bolt 38 a jere sun kai 114, kuma hakan yana ƙona ta. Boltej ɗin fanel yana ƙara hawa da sanyin safiya, don haka ake barin rata.

Jabun MPPT

Akwai na'urori masu araha da ke ɗauke da tambarin MPPT alhali cikinsu PWM ne. Ana gane su da rashin nauyi, rashin kwayil babba a ciki, da iyakar boltej ɗin fanel da ba ta wuce bolt 25 ba a tsarin bolt 12. Tabbataccen gwaji shi ne a auna da mita lokacin da rana ta take kuma batir bai cika ba. Idan boltej ɗin ɓangaren fanel ya kusa daidai da na batir, kuma amfiyar da ke shiga daidai take da mai fita, na'urar PWM ce.

Haɗawa

Ana fara haɗa batir, sannan fanel, sannan lodi. Wajen cirewa kuma ana fara cire fanel. Dalili shi ne na'urar daga batir take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko na 24. Idan fanel ya riga shiga tana iya ɗaukar tsarin a matsayin na 24, ta cika batir fiye da kima. Ana sanya fiyus a wayar fozitif kusa da kan batir. Inbata ana haɗa ta da batir ne kai tsaye, domin ramukan lodi na kwantirola na ƙananan fitilu da cajin waya ne. Da yawa daga cikin PWM masu araha makunninsu yana kan layin negetif, don haka idan aka haɗe negetif ɗin fanel da na batir an tsallake na'urar gaba ɗaya.

Matsaloli da hanyar gano su

Yawancin matsalolin ana gano su da awo uku na mita: a bakin wayar fanel bayan an cire ta, a ramukan batir na kwantirola, da kuma a kan batir ɗin kansa.

Sikirin bai kawo ba. Na'urar daga batir take cin wuta. A duba fiyus, a duba ko an juya fozitif da negetif, a kuma auna batir. Idan ya faɗi ƙasa da bolt 8 ko 9, da yawa ba sa tashi sai an fara cajinsa da wata caja. Batirin litiyam kuma yana iya nuna sifili idan na'urar kariya ta cikinsa ta rufe shi.

Akwai rana amma babu caji. A cire wayar fanel a auna. Idan ba a samu kusan adadin Voc ba, matsalar tana ga fanel ko mahaɗar waya. Wasu MPPT ba sa fara aiki sai fanel ya fi batir da bolt 5, kamar yadda yake a na Victron.

Caji ya yi kaɗan. Ƙurar hunturu, kashin tsuntsaye da inuwar tankin ruwa ko reshen bishiya suna rage amfiya. Inuwa a kan sel ɗaya tana iya rage wutar jerin sel-sel ɗin da yake ciki. Idan batir ya kusa cika, raguwar amfiya ba matsala ba ce.

Tana nuna batir ya cika amma yana saurin mutuwa. A kwatanta awon ramukan kwantirola da na kan batir. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 2.5 murabba'i da tsawon mita 5, zuwa da dawowa mita 10, tana cinye kimanin bolt 0.7 a amfiya 10. Na'urar za ta ga 14.4 ta rage caji alhali batir na kan 13.7. Maganinsa gajeriyar waya mai kauri da goge kan batir. Idan awon biyu daidai ne, batir ne ya tsufa. Lafiyayyen batirin dalma da ya huta yana nuna kimanin bolt 12.7 a cike, 12.2 kuma a rabi, kuma sauke shi ƙasa da rabi kullum yana rage masa kwana.

Batir yana tafasa ko wari. A auna shi da tsakar rana. Idan ya wuce bolt 15 ba tare da an saita matakin daidaita sel ba, ko dai an zaɓi nau'in batirin da ba shi ba ne, ko taransistar ta ƙone ta bar wuta tana wucewa. A cire fanel nan take.

Ramukan waya sun yi baƙi ko sun narke. Sakwarkwacewar noti ce ke jawo zafi, kuma tana iya haddasa gobara. Ana ɗaure su sosai, a kafa na'urar a tsaye a jikin bango cikin inuwa inda iska ke ratsawa.

Zafi da nau'in batir

Batirin dalma yana buƙatar boltej ƙasa idan ya yi zafi, kimanin ragin bolt 0.02 zuwa 0.03 a kan kowane digiri sama da 25. A ɗakin da ya kai digiri 40, cajin 14.4 ya kamata ya sauko zuwa wajen 14.0. Na'urori masu araha da yawa ba su da ma'aunin zafi da ake mannawa a jikin batir, wanda hakan na daga cikin dalilan saurin ƙafewar ruwan batir a ƙasashe masu zafi. Batirin litiyam na nau'in LiFePO4 mai sel huɗu ana cajinsa zuwa bolt 14.2 ko 14.6 bisa umarnin kamfaninsa, ba ya buƙatar ragin zafi, kuma dole a kashe masa matakin daidaita sel. Kwantirolar da ba a iya sauya saitinta ba ta dace da shi ba.