Atishawa a Kyanwa da 'Ya'yanta: Yaushe Ya Kamata Ku Damu?

Idan kyanwarku ta yi atishawa sau ɗaya ko biyu, sannan ta ci gaba da cin abinci da wasanta, babu abin damuwa. Ƙurar hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta da maganin sauro duk suna sa ta atishawa. Abin da za ku sa wa ido shi ne cin abincinta, numfashinta da idanunta.

Murar kyanwa

Atishawar da ta ɗauki kwanaki tare da majina galibi mura ce. Ƙwayoyin bairos biyu ne suka fi kawo ta: hapis na kyanwa, wanda ya fi taɓa ido, da kalisi, mai sa gyambo a harshe da dalalar miyau. Suna yaɗuwa tsakanin kyanwoyi ta atishawa, lasar juna da kwanon abinci. Babbar kyanwa mai ƙoshin lafiya takan warke cikin mako 1 zuwa 3. Amma hapis ba ya barin jikinta, yakan tashi idan ta haihu, ta canja gida ko ta yi wani ciwon.

'Yan kyanwa sun fi shiga haɗari. Kyanwa da ƙanshi take gane abinci, idan hanci ya toshe sai ta ƙi ci ko shan nono, ƙaramar kuwa ruwan jikinta saurin ƙarewa yake yi.

Ku kai ta wurin likitan dabbobi a ranar idan:

- tana numfashi da baki buɗe ko da ƙyar
- ta yini ta kwana ba ta ci komai ba. Jaririya kuwa ko ƙin shan nono na wasu sa'o'i ya isa
- kwantsa ta liƙe ido, ko idon ya kumbura ko ya yi fari-fari
- jini na fita daga hanci
- ta yi laushi, tana ɓuya

Majina mai kauri, ruwan ɗorawa ko koriya, da atishawar da ta wuce mako guda, su ma suna bukatar a duba. Idan majinar ta kafar hanci ɗaya take fitowa, wataƙila ciyawa ce ta maƙale, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko ƙari a tsohuwar kyanwa.

Kulawa a gida

Ku riƙa goge mata hanci da ido da auduga da ruwan ɗumi. Ku ɗumama abinci mai ƙanshi kamar dafaffen kifi marar ƙaya, ku ajiye mata ruwa mai tsabta. Ku raba ta da sauran kyanwoyi, ku nisanta ta da hayaƙi.

Kada ku ba ta farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ibufurofen da maganin murar yara ma haka. Maganin kashe bakteriya ba ya kashe bairos, likita ne zai ga ko akwai bukatarsa.

Za ta iya shafa wa iyalinku?

Waɗannan bairos biyu ba sa kama mutum. Duk da haka ku wanke hannu da sabulu bayan kun taɓa ta, domin wasu bakteriyar kan kama idon mutum jifa-jifa. Masu raunin garkuwar jiki su bar wani ya yi jinyar.

Kada ku jefa wa kyanwa mushen kaza ko ɗanyen namanta. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006 a Jihar Kaduna, tana kama kyanwa, tana kuma iya kama mutum.

Idan ku ne kuke atishawa, ƙaiƙayin ido ko tari duk lokacin da ta matso, jikinku ne ba ya jituwa da wani sinadari da ke miyau da fatarta. Ku ga likita, musamman masu asma.

Rigakafi

Ana fara allurar rigakafin murar kyanwa daga mako 6 zuwa 8 da haihuwa, a maimaita bayan kowane mako 3 zuwa 4 har ta kai mako 16. Allurar ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, amma tana rage tsananin ciwon sosai.