Raƙuman dawan Koure da Gadabeji: su wa suka yi aikin sa kai?

Idan aka ce aikin sa kai a gandun namun daji, hoton da ke zuwa wa yawancin ɗalibanmu na lise shi ne na wani bature matashi a Kenya ko Afirka ta Kudu, wanda ya biya kuɗin jirgi da na masauki, ya yi mako biyu yana ƙidayar giwaye, ya shafa wa aji ɗaya fenti a ƙauye, ya koma gida da hotuna. Irin wannan akwai shi, kuma ban raina shi ba. Amma ni da na share shekaru ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, abin da ke damuna shi ne muna da namu labarin a nan cikin Nijar, wanda ya fi wancan nauyi, kuma ba mu faɗa wa yara shi. Labarin raƙuman dawan Koure ne, da yadda wasu daga cikinsu suka dawo jihar Maraɗi.

Raƙumin dawa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Dabous, arewa da Agadas, akwai sassaƙensa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5, aikin mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce lokacin da hamada take ɗanya. Har farkon ƙarni na 20 ana samun irin namu tun daga Senegal har zuwa wajen tafkin Chadi. Sunan da masana suka ba shi a 1898, wato peralta, an raɗa shi ne bisa wanda aka harbo kusa da Lokoja, inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. Ke nan har can kudu yake kaiwa. Sai bindiga ta yawaita, gonaki suka cinye daji, sannan fari na shekarun 1973 da 1984 suka zo suka ƙarasa. Ƙasa bayan ƙasa ya ɓace: Senegal, Muritaniya, Mali, Nijeriya. Ɗan abin da ya rage ya gangaro daga wajen Ayorou, ya samu mafaka a yankin Koure, kilomita kamar 60 kafin a shiga Yamai idan an fito daga Dosso. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Maraɗi ko Damagaram zuwa babban birni ya ratsa ta gidansu, ko da barci yake.

Abu na farko da nake so malamai su lura da shi ke nan. Turawan mulkin mallaka sun bar mana gandun daji da aka shata a takarda: gandun W ya zama na ƙasa a 1954, na Gadabeji da ke arewa da Dakoro an kafa shi a 1955, faɗinsa eka 76,000 irin ta Faransa. Dabarar ita ce a ja layi, a ce nan na dabba ne, can na mutum. To amma raƙuman dawan da ke yankin Gadabeji sun ƙare tun wajen shekarun 1970, takarda ba ta tsare su ba. Waɗanda suka tsira kuwa, a wajen kowane shinge suka tsira, tsakanin gonakin gero na Zabarmawa da burtalin shanun Fulani.

Shekarar 1996 ita ce mafi muni. A shekarar ne, bayan juyin mulkin Janar Ibrahim Bare Mainasara, aka tura a kamo wasu domin a yi kyauta da su ga shugabannin ƙasashen maƙwabta, kuma da dama suka mutu a wajen kamun. Da aka ƙidaya abin da ya rage, 49 ne. Ba 49 a Nijar kaɗai ba, 49 a duniya baki ɗaya, don binciken jini da aka yi daga baya, a 2007, ya nuna cewa waɗanda ke gidajen ajiye namun daji na Turai da ake zaton irin namu ne, ashe na wajen Chadi da Kamaru ne, wani iri dabam. Aji ɗaya na firamare a Maraɗi ya fi su yawa.

Yau sun haura 600. Mace tana ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda, saboda haka wannan ƙaruwa ba ta samuwa sai in kusan kowane ɗa da aka haifa an bar shi ya girma. To, wa ya bar shi?

Doka ta taimaka. A watan Afrilu na 1998 aka kafa dokar farauta da kare namun daji, kuma kashe raƙumin dawa ya zama laifin da ke kai mutum gidan kaso. Amma mu da muke zaune a karkara mun san iyakar doka inda ma'aikacin gandun daji ɗaya ke riƙe da ƙauyuka barkatai. Sai an duba yadda dabbar ke rayuwa kafin a gane wanda ya ɗauki nauyin. Da damina suna hawa tudun Koure, inda geza da sabara ke fitowa layi-layi a kan fako. Da rani, idan tudu ya bushe, sai su gangara Dallol Bosso, wajen Harikanassou, su bi gawo, wanda kowa ya sani shi ne ke fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar da nasu. A hanya kuwa akwai gonaki. Gero bai dame su ba, sai dai su tattake shi. Wake ne abin sonsu, har wanda aka ɗaure aka ɗora a reshen itace don kada awaki su kai, domin abin da ya fi ƙarfin akuya daidai bakinsa ne. Mangwaron lambu ma bai tsira ba. Manomin da ya wayi gari ya tarar an cinye masa waken da yake sa ran sayarwa ya yi wa yara kayan lakwal, ya yi tsaki, ya kore su da ihu, bai ɗauko bindiga ko tarko ba, wannan mutumin ya ba da gudummawar da ta fi ta duk wani mai zuwa na mako biyu. Ba wanda ya rubuta sunansa, ba wanda ya ba shi takardar shaida.

Sai kuma samarin ƙauyukan da suka zama masu yi wa baƙi jagora, suka kafa ƙungiyarsu. Na kai ɗalibaina can a wani hutun Disamba, shekaru kafin a rufe wurin. Jagoranmu bai wuce firamare ba, amma kowane raƙumin dawa ya san shi da zanen jikinsa, don ba biyu da ke da zane iri ɗaya, kamar dai zanen yatsa. Ya nuna mana wata mace, ya faɗi wace ce uwarta, da shekarar da ta yi haihuwar fari. Da irin wannan sani ake yin ƙidayar shekara-shekara: a ɗauki hoton kowanne gefe da gefe, a gwada da na bara. Ɗalibaina da suka zo da taƙamar faransanci suka yi tsit, suna rubuta abin da yake faɗa.

Kuɗin waje ma ya shigo, kuma ya dace a faɗa. Ƙungiyar kare raƙuman dawan Nijar, ASGN, ta samu tallafin gidan namun daji na Doué-la-Fontaine da ke Faransa tun 2001. Abin da ya burge ni da tsarinsu shi ne yawancin kuɗin ba kan dabbar aka kashe ba, kan mutane ne: rijiyoyi, ƙananan rance ga mata don kiwon tumaki da ƙaramar sana'a, renon dashen itatuwa. Sun gane cewa mai jin yunwa ba a yi masa wa'azin raƙumin dawa. Duk da haka kada a ɗauka komai lafiya lau ne. Rance ba diyyar wake ba ne, kuma wanda aka yi wa ɓarna ba lallai shi ne ya samu rancen ba. Ga motocin itacen girki da ke kwasar dajin tudu zuwa Yamai, ga kwalta da ta ratsa tsakiyar yankin. A ganina har yanzu manomi ne ke biyan kaso mafi girma.

Da yawansu ya ƙaru, sai tsoro ya sauya kama: idan annoba ko wani bala'i ya afka wa Koure, shi ke nan an rasa irin gaba ɗaya. Hausawa na cewa ba a tara ƙwai duka a kwando ɗaya. A watan Nuwamba na 2018, gwamnati tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund suka kama 8, suka ɗora su a manyan motoci, suka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji, wanda UNESCO ta sa cikin jerin wurarenta a 2017. A 2022 aka ƙara kai 4. Wannan karon an yi kamun da likitocin dabbobi da shiri na watanni, ba irin na 1996 ba. Kuma an koyi darasin Koure: an zauna da Buzaye da Fulani makiyayan wurin tun kafin motoci su iso, aka ɗauki ƴaƴansu su riƙa bin sawun dabbobin. Dattawan da suka ga raƙumin dawa suna yara sun sake ganinsa da furfura.

Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a Koure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji na ƙungiyar ACTED, direbansu ɗan Nijar, da Kadri Abdou, shugaban ƙungiyar masu jagora. Allah ya jiƙansu. Jaridun duniya sun fi ambaton baƙin, amma a wurinmu ya kamata sunan Kadri ya shiga littafin yara, mutumin da ya yi shekaru yana bin dabbobin nan a ƙafa. Bayan harin aka rufe wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin masu jagora ya yanke. Raƙuman dawan kuwa suna nan suna gangara Dallol da rani, kuma manoman da ke haƙuri da su ba su tafi ko'ina ba.

Iyayenmu ba su san kalmar da ƙungiyoyi ke amfani da ita ba, amma sun san gayya. Waɗanda suka girma zamanin Seyni Kountché sun tuna samariya, da yadda tun 1975 aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace, ɗalibai na fita da hutu suna dasawa ba a biyansu. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin tohon gawo a gonakinsu tun shekarun 1980 sun mai da miliyoyin itatuwa, ba wanda ya kira su ƴan sa kai. Ina koyar da wannan tare da labarin Koure a darasi guda, don itacen ɗaya ne. Nakan sa yara su fita su ƙidaya gawon da ke gonar gidansu, su tambayi kakanninsu waɗanne namun daji suka sani da sunayensu da yanzu babu, su rubuto. Barewa da jimina da gada ke fitowa a kusan kowace takarda. Bara wata yarinya da danginta ke wajen Bermo ta kawo nata, ta sa raƙumin dawa a jerin waɗanda suka ɓace, sannan ta ja layi a kansa ta rubuta a gefe cewa kawunta ya gan shi da idonsa a bakin rijiya.