Yadda Azurfa Ta Bar Asibiti Ta Koma Maganin Gida

Kalmar azurfa baƙuwa ce a cikin Hausa. Masu binciken harsuna sun nuna cewa daga harsunan Barbar muka aro ta, gama Buzaye azref suke ce mata, ta biyo ayari ta ƙetaro Hamada tare da ƙarfen kansa. A ƙasar Hausa da ado da dukiya aka fi saninta, maƙeran fari suna narka ta su ƙera mundaye da zobba. Amma a Turai da Amurka tana da wani tarihi dabam, watau na magani, shi ne kuwa abin da wannan takarda za ta bi. Dalilin binsa shi ne, masu tallar abin da ake kira ruwan azurfa suna sa shi cikin jerin magungunan gida na kaka da kakanni, suna cewa yana warkar da ƙuraje da kirci da sauran cututtukan fata. Tarihi kuwa ya nuna likitocin asibiti ne suka kawo shi, su ne kuma suka ajiye shi sa'ad da suka sami abin da ya fi shi.

Masu ilmin kimiyya na zamanin da sun danganta kowane ƙarfe da wani abu na sararin sama, suka ba zinariya rana, suka ba azurfa wata. In an narka azurfa cikin wani ruwa mai ci, aka bari ya ƙafe, sai a sami farin gishiri mai ƙuna, wanda za mu kira gishirin azurfa. Akan zuba shi ya daskare kamar ɗan alli, likita ya riƙa ƙona tsiron fata da gyambo da shi. Jamusawa dutsen jahannama suke ce masa, sunan kuwa ya ishi mai karatu bayanin zafinsa. A ƙarni na 18 da na 19 har sha ake ba masu farfaɗiya. Farfaɗiyar ba ta tafi ba, sai dai likitoci suka lura waɗansu daga cikin masu shan nan fatarsu ta rine ta koma toka-toka. Aka raɗa wa wannan hali suna arjiriya, daga arguros, sunan azurfa da Girkanci.

Babbar nasarar azurfa a idon jarirai aka same ta. A wancan zamani mace mai ciwon sanyi takan sa wa ɗanta cutar a ido wajen haihuwa, yara da yawa suka makance ta haka. A cikin 1881 Carl Credé, likitan unguwarzoma a birnin Laifzig na Jamus, ya bayyana dabararsa, watau a ɗiga wa kowane jariri ɗigo guda na ruwan gishirin azurfa, kashi 2 cikin 100, da zarar an haife shi. A asibitinsa jarirai masu kamuwa da ciwon suka ragu daga wajen 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 1 cikin 100. Ƙasashe da dama suka mai da abin doka. A lura da yanayin wannan aiki: ɗigo ɗaya ne, sau ɗaya, a waje ɗaya, domin cuta ɗaya da aka san ƙwayarta.

To, da yake gishirin yana da ƙuna, sai aka shiga neman wata siffa ta azurfa mai sauƙi ga jiki. A nan ne kalmar koloyid ta shigo, ya kamata kuwa a tsaya a kanta kaɗan, domin da ita ake ruɗin mutane. Thomas Graham ne ya ƙago ta a 1861 daga kalmar Girkanci mai ma'anar danƙo. In aka zuba gishiri a ruwa yakan narke ya ɓace, in aka zuba yashi yakan kwanta a ƙasa. Akwai hali na uku a tsakani, inda ƙwayoyin abu suke ƙanana ainun har su tsaya a rataye cikin ruwan, ba su narke ba, ba su kuma kwanta ba, kamar yadda madara take. Koloyid ke nan. Kalmar tana faɗin girman ƙwayoyi ne kurum, babu ruwanta da warkarwa. A 1889 wani Ba'amurke, Carey Lea, mai binciken sinadaran ɗaukar hoto, ya sami hanyar yi wa azurfa haka. A 1897 kamfanin Bayer ya fito da Protargol, wanda aka haɗa azurfa da wani sinadarin gina jiki. A 1902 kuma Albert Barnes da Hermann Hille suka fara sayar da Argyrol a Filadalfiya. Aka yi ta ɗiga shi a hanci da ido da maƙogwaro, aka yi ta wanke mafitsarar masu ciwon sanyi da shi. Barnes ya yi arziki ƙwarai, ya tara zane-zanen manyan masu zanen Faransa da kuɗin, sa'an nan ya sayar da kamfanin a 1929, watanni kaɗan kafin kasuwar hannun jari ta Niyu Yok ta rushe.

Yawan amfani ya kawo yawan arjiriya. A 1939 likitoci biyu, Hill da Pillsbury, suka buga littafi a kan cutar, suka tattara labarin mutum 357 da ta kama. Yadda abin ke faruwa kuwa shi ne, jiki ba shi da wani aiki da yake yi da azurfa, ba kamar ƙarfen da jini ke bukata ba. In ta shiga da yawa, wani kashi yakan taru a ƙarƙashin fata, musamman kewayen jijiyoyin gumi, da dasashi, da farce, da farin ido. Hasken rana ya bugi wurin, sai azurfar ta yi duhu, daidai yadda take yi a takardar hoto, saboda haka fuska da hannuwa suka fi rinewa. Mutum ya daina shan maganin, launin yana nan. Rosemary Jacobs, wadda likita ya rubuta wa maganin ɗigawa a hanci mai azurfa tana yarinya a shekarun 1950, fatarta ta rine tun kafin ta girma, daga baya ta zama mai faɗakar da jama'a a kan haɗarin.

Duk da haka ba tsoron arjiriya ne ya kori azurfa daga asibiti ba, ƙaiƙayi ne ya sami wanda ya fi iya susa. A 1935 Gerhard Domagk ya bayyana Prontosil, farkon magungunan salfa, a shekarun 1940 kuma fenisilin ta wadata. Waɗannan suna bin jini su kashe ƙwayar cuta a cikin jiki, abin da azurfa ba ta taɓa yi ba. Ɗaya daga cikin wuraren da ta riƙe shi ne ƙuna. A 1965 Carl Moyer ya komo da ruwan gishirin azurfa mai rauni domin jiƙa bandejin waɗanda wuta ta ƙona, a 1968 Charles Fox ya haɗa azurfa da salfa ya yi man shafawa. Ko wannan man ma bincike na baya ya nuna waɗansu kayan ɗaurin rauni sun fi shi saurin warkarwa.

Dawowarta ta biyu ta ƙofar doka ta biyo. A 1994 Amurka ta yi dokar da ta yarda a sayar da abin da aka kira ƙarin abinci ba tare da an gwada shi kamar magani ba. Nan da nan kwalaben ruwan azurfa suka cika kantuna, aka kuma fara sayar da 'yar na'ura mai batir da wayoyin azurfa biyu, mutum ya tsoma cikin kofin ruwa ya haɗa nasa a ɗaki, ba awo ba ƙima. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta yanke cewa ba a tabbatar da amfanin ruwan azurfa ko rashin lahaninsa ga kowace cuta ba. A wannan shekara ce Stan Jones na jihar Montana ya fara shan nasa, don tsoron kada rikicin kwamfuta na shiga shekarar 2000 ya jawo ƙarancin magani. Da ya tsaya takarar majalisar dattawa a 2002, launin fuskarsa ya fi manufofinsa shiga jaridu.

Wanda labarinsa ya fi shafar zancen fata shi ne Paul Karason. Ciwon fata ya dame shi a fuska, ya haɗa ruwan azurfa da kansa, yana sha yana shafawa shekara da shekaru, har ya koma shuɗi kamar wanda ya fito daga marina. A 2008 ya bayyana a talabijin duniya ta gan shi, ya rasu a 2013 bayan ciwon zuciya. Masu talla sukan ce ai azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta, wannan kuwa gaskiya ne a cikin kwanon gwaji. Amma a ganina harshenmu ma ya isa ya nuna inda hujjar ta karye. Bahaushe bai tara cututtukan fata a suna ɗaya ba, yana da ƙazwa da makero da ƙyasbi da kirci da ƙyanda, ilmin likita kuma ya tarar kowannensu da sanadinsa. Ƙazwa ɗan ƙwaro ne ke haƙa rami cikin fata, maganinta abin da zai kashe ƙwaron, a kuma yi wa dukan mutanen gida tare. Makero da ƙyasbi dangin fumfuna ne, tun ƙarshen shekarun 1950 kuwa aka sami ƙwayar sha mai kashe makero. Kirci irin wanda ake gado ba wata ƙwaya ce ke kawo shi ba, fata ce ke bushewa ta kumbura, tun 1952 ake kwantar da shi da man haidirokotizon. Ƙyanda kuwa rigakafi ne ke tsare ta. Kalmar ƙuraje da ke jikin kwalba takan haɗiye waɗannan duka, mai saye ya ɗauka cuta ɗaya ce mai magani ɗaya. Malaman kwalejojin horon malamai da ke koyar da kiwon lafiya da Hausa za su amfana in suka fara darasin daga waɗannan sunaye.

Kasuwar ruwan azurfa takan tashi duk sa'ad da annoba ta zo ba magani a hannu. A 2020 jihar Misuri ta kai mai wa'azin talabijin Jim Bakker ƙara don ya tallata shi a kan korona. Nijeriya kuwa ta riga ta ga irin wannan shekara shida kafin nan. Ibola ta shigo Ikko ranar 20 ga Yuli 2014 a jikin wani matafiyi daga Laberiya. A tsakiyar Agusta Ministan Lafiya, Onyebuchi Chukwu, ya sanar cewa za a gwada wani magani mai suna Nano Silver a kan majinyata, cikin 'yan kwanaki kuma ya janye, ya ce maganin bai cika sharuɗɗan binciken lafiya na ƙasa ba. Ma'aikata suka ci gaba da keɓe marasa lafiya, suna ba su ruwa, suna bin sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da su, suna auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta ƙare a Nijeriya.