Saƙon Asuba daga Ɗakin Sarba

Tun da na ajiye aiki na dawo gida Madarunfa, yaran da suka karanci kwamfuta a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi sukan biyo ta wurina su sha hira. Ɗan ƙanwata ne ya nuna mini allon Grafana a wayarsa, kore da ja suna ta ƙyalƙyali, ya ce, "Kawu, ku a lokacinku da me kuke sanin VM ta faɗi?" Tambayar ba ta da laifi. Dariyar da ya haɗa da ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Da tambaya muke sani. Nagios, wanda Ethan Galstad ya fitar a 1999 da sunan NetSaint kafin a sake masa suna a 2002, yana zagayawa duk minti biyar yana ƙwanƙwasa wa kowace na'ura ƙofa. In ba ta amsa ba, ba ya saurin kuka. Sai ya sake gwadawa minti-minti sau uku ko huɗu, sannan ya yanke cewa abin da gaske ne. Ka lissafa: VM, wato na'urar da ke gudana a cikin wata uwar na'ura, ta mutu daƙiƙa ɗaya bayan wucewarsa, kai ba za ka ji ba sai kusan minti takwas. A asusun ajiya da bashi da na yi wa aiki a Maraɗi, minti takwas ranar kasuwa ya isa layi ya kai bakin titi.

Kuma ta ina labarin zai iso? Imel ba ya fita in rezo ya yanke, shi kuwa rezon yakan tafi tare da kuran. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo dabarar tsohuwar Nokia: aka ɗaura ta da roba a jikin ƙarfen sarba, aka jona ta da waya, Gammu yana tura saƙo ta cikinta. Layin Celtel ne a ciki. Kamfanin ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010, wayar nan tana nan inda take. Duk wata sai an ware mata kiredi kamar ma'aikaciya, kuma sai an yi daru da mai lissafin kuɗi, wanda bai taɓa gane dalilin da zai sa waya marar mai ita ta ci jika biyu ba.

Amma abin da nake son yaran nan su ji ba wayar ba ce. Tsohon nan, maigidana, ya fara aiki ne a kan rediyon sadarwa, irin wanda ofisoshin daji suke magana da babban gari kafin salula, inda kowace tasha take da lokacin da za ta yi sallama ko da ba ta da labari. Wanda bai yi sallama ba shi ake nema. Wannan tarbiyya ya kawo ɗakin sarba. Ya sa na'urar ta riƙa turo saƙo ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan isha'i, mai cewa lafiya lau, da adadin VM ɗin da ke tafiya. In ka sallame ka duba waya ba ka ga komai ba, ba ka jiran kowa, babur za ka hau. Ni da nake kwana a Madarunfa ƙarshen mako, na sha bin hanyar Maraɗi da duku-duku a kan saƙon da bai zo ba, da damina ma, lokacin da Gulbi ya cika.

Akwai kuma kaye, littafin gadi. Duk canjin hali sai an rubuta shi da hannu: ƙarfe nawa, wace na'ura, daga wane hali zuwa wane, wa ya taɓa ta. Tsohon yakan ce tashi da faɗuwa kowa ya iya ganinsu, dakatawa ce mugun hali. Gaskiyarsa. Da muka koma KVM, wanda ya shiga cikin Linux a 2007, mun ga yadda QEMU ke dakatar da VM shiru in faifan uwar na'ura ya cika. Ba ta mutu ba, ba ta aiki. Wanda ya iya lissafin masu rai da matattu kawai, sai ya yi ta sake kunnawa yana tsine wa ondilar, akwatin batirin da ke riƙe wuta.

Ba na musun cewa an ci gaba. Yau ba sai an tambaya ba, libvirt da kansa yake sanarwa: an tayar, an dakatar, an ci gaba, an tsayar, ta faɗi, kowanne cikin ƙiftawar ido. Amazon ta buɗe irin wannan ga masu hayar na'urorinta a 2016, kuma Proxmox, wanda ƴan Austriya suka fara fitarwa a 2008, ya sa ƙaramin biro ma yana da allon da a da sai banki. Na yi murna da wannan ci gaban, don ya raba mu da minti takwas ɗin nan. Inda muke rabuwa da yaran shi ne sun ɗauka rashin sanarwa lafiya ce. Sanarwa daga uwar na'ura take fitowa. In ita ce ta mutu, wa zai faɗa?

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, mu kuwa nan Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina muke sha. Abokan aikina da ba su yi ritaya ba sun ba ni labarin watannin nan: gurup, wato injin wuta, ya ƙare mai da tsakar dare, batir ya zube, sarba da abin da ke sa mata ido suka kwanta tare, waya kuwa tsit har gari ya waye. Waɗanda suka riƙe saƙon asuba su ne suka isa biro kafin masu ajiya.

Abin da ya fi ba ni haushi, masu aiki da Prometheus suna da ƙararrawa mai suna Watchdog wadda aka yi don ta riƙa kuka kullum, in ta yi shiru a san an mutu. Sallamar tsohon nan ce sak. Na tambayi yara uku ko sun haɗa ta da wani abu da ke wajen ginin, a kan wata wutar da wani rezon daban. Biyu sun ce sun kashe ta, wai ta cika damu. Na ukun ya bar ta tana kuka cikin wani imel da ba wanda ke buɗewa.