Wa ke riƙe da kuɗin ɗaurarre?

Ana ta maganar cunkoso a gidajen gyaran hali, inda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a kawai suke yi. Ni kuma hankalina yana kan na waje: matar da aka bari da yara, da ƙanen da aka ce masa "kai ka riƙe gidan."

A da riƙon nan bai da wuya sosai. Zamanin En'e, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yari a 1968, dukiyar talaka gona ce da rumbu da 'yan awaki. In an ɗaure mutum, wansa ya nome gonar, ya auna wa iyali hatsi, ba mai tambayarsa takarda.

Da kuɗi suka koma banki sai labari ya sauya. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, gwamnatin Buhari da Idiagbon ta tsare 'yan siyasa, ta kuma rufe asusunsu. A Afrilun 1984 aka canza launin naira, aka ba jama'a ƙasa da mako biyu, kuma naira dubu biyar kaɗai ake canza wa mutum hannu da hannu. Ku duba halin matar da mijinta ke Kirikiri: na banki a kulle, na gida kuma yana shirin zama takardar tsire.

Mu ma'aikata namu ya ma fi ɗaci. In an gurfanar da kai, ana iya dakatar da kai a kan rabin albashi. In aka kore ka, a tsohon tsari fansho da garatuti duk sun tafi, ko shekara talatin ka yi. Dokar fansho ta 2004, duk da zaginta da muke yi, a nan ta kyauta: abin da aka tara yana asusu mai sunanka.

Sai dai sunan naka ne, ba na matarka ba. Tun zuwan BVN a 2014, asusu yana ɗaure da yatsan mai shi. Hanyar da doka ta sani ita ce takardar wakilci ta hannun lauya, shi ɗaurarren ya sa hannu. Amma yawancinmu katin ATM da lambar sirri kawai ake miƙa wa ƙane a bakin kotu. Katin kuwa yana da wa'adi, ranar da ya ƙare banki mai asusun zai nema, shi kuma yana ciki ana ta ɗage shari'a.