Ma'aikatan Makabarta da Haƙƙinsu a Kan Jama'ar Kudancin Katsina

Duk wanda ya bi sana'o'in da Hausawa suka gada kaka da kakanni, tun daga ƙira da jima da saƙa da rini har zuwa fawa da wanzanci, kowacce da gidajen da aka san su da ita da rumfarta a kasuwa, ba zai iske sana'ar binne matattu a cikinsu ba. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama gaban malami, domin shari'a ta sanya wankan mamaci da yi masa sutura da sallatarsa da kai shi makwancinsa farilla ta kifaya, watau wajibin da ke kan jama'a baki ɗaya, wanda in waɗansu suka tsaya da shi ya faɗi daga wuyan saura, in kuwa kowa ya bari kowa ya yi zunubi. Muna alfahari da wannan, kuma ya cancanci alfahari. Amma abin da nake son in tabbatar a nan shi ne, a garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi, waɗansun nan da ake cewa sun ɗauke wa saura nauyi sun daɗe da zama mutane ƙididdigaggu, su ne jiya su ne yau, har aikin ya cinye musu rayuwa kamar yadda sana'a ke cinye ran mai ita, alhali kuwa ba su sami abin da mai sana'a ke samu ba, na lada a hannu ko na daraja a idon mutane.

A Amurka al'amarin ya bi wata hanya dabam. A zamanin yaƙin basasarsu, daga 1861 zuwa 1865, iyalan sojojin da suka mutu nesa da gida suka buƙaci a komo musu da gawarwakin 'ya'yansu, sai waɗansu suka ƙware wajen ɗura wa gawa magani don kada ta lalace a hanya; da aka yi wa gawar Shugaba Lincoln haka a 1865, aka zaga da ita birane cikin jirgin ƙasa jama'a suna gani, sai abin ya karɓu. A 1882 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, suka zama masu sana'a da makaranta da lasin da gidajen da ɗa ke gadon uba, kuma a ƙananan garuruwa mai shirya jana'iza yakan zama cikin dattawan da kowa ya sani. Sai dai inda ciniki ya shiga, haɗama ba ta nisa. Jessica Mitford ta wallafa littafi a 1963 tana fallasa yadda ake tatsar mutane a lokacin da baƙin ciki ya hana su taya farashi, daga bisani a 1984 hukuma ta tilasta wa gidajen jana'iza su riƙa nuna farashinsu dalla-dalla. Duk da haka, bisa lissafin ƙungiyar kanta, matsakaicin kuɗin jana'iza da binnewa a 2021 ya kai dala 7,848.

A kwatanta wannan da abin da ke faruwa a ƙauyukan Bakori ko Ƙafur ko Ɗanja idan rai ya yi halinsa. Kafin kukan mata ya lafa an aika wa liman da mai unguwa, an tura yara unguwanni su sanar, an kuma ɗauko karan dawa an auna tsawon mamacin, wani saurayi ya riƙe karan ya nufi makabarta, samari na biye da shi da diga da shebur da fartanya. Su fara haƙa uwar kabari, mai faɗi, sa'an nan a cikinta su haƙa ɗa, ƙunƙuntacce daidai kwanciyar mutum bisa gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Waɗansu na saran itatuwan da za a jera a bakin ɗan, waɗansu na kwaɓa ƙasar da za a liƙe kafofin da ita. A cikin gida kuwa an kafa asabari, an kawo ruwa da ganyen magarya, wani dattijo, ko wata dattijuwa idan mace ce ta rasu, sau da yawa unguwarzomar da ta karɓi haihuwar rabin garin, yana wanka cikin natsuwa, tela kuma yana yanka alawayyo. Wanda ya cika da hantsi, da wuya azahar ta same shi a gida. Ko da a tsakiyar damina ne, ana tsaka da noman farko, manomi yakan jingine garmarsa ya bi makara, ba don an roƙe shi ba, sai don ya san ladan da hadisi ya ambata ga wanda ya sallaci gawa ya kuma tsaya har aka rufe ta, ya kuma san cewa ranar tasa haka za a yi masa.

Wannan tsari ba haka kawai ya tsiro ba. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, wadda kusan babu zauren ilimi a ƙasar nan da ba a karanta ta, ta keɓe babuka ga abin da ake yi wa wanda ke gargarar mutuwa da wankansa da likkafaninsa da sallatarsa da binne shi: a yi wanka mara, a sa kafur a na ƙarshe, a yi kabbara huɗu, kada a yi gini a kan kabari ko a shafe shi da farar ƙasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma a Ihya'us Sunna ya yi magana a kan bidi'o'in da suka shafi jana'iza da kaburbura. Sakamakon wannan koyarwa shi ne attajirin auduga da ɗan ƙodagonsa mayafi iri ɗaya suke tafiya da shi, rami iri ɗaya suke shiga, kuma babu magidancin da zai sayar da rumbun hatsinsa don ya binne uwarsa. (Inda dukiya ke zurarewa a wurinmu shi ne zaman makoki da sadakar uku da bakwai da arba'in, wannan kuwa wata magana ce da malamai suka daɗe suna jayayya a kanta.)

To, amma tsarin nan an gina shi ne a kan garin da kowa ya san kowa. Funtuwa ba ta zauna haka ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda ta ratsa ta, wadda aka kammala a 1929, aka kuma kafa injin gurzar auduga, garin ya zama matattarar baƙi: 'yan ƙodago da fatake da ma'aikatan reluwe da 'yan cirani. Shirin bunƙasa noma da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko tare da na Gusau da Gombe, da masaƙar da ta biyo baya, suka ƙara jawo jama'a. A 'yan shekarun nan kuma waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka kwararo. A irin wannan gari ana mutuwa kowace rana, akwai wanda zai mutu a asibiti ba shi da kowa, akwai wanda mota za ta kashe a kan hanyar Zariya ko ta Gusau ba a san garinsu ba, samarin unguwa kuwa suna bisa babura suna neman na abinci. Saboda haka dole aka sami waɗanda suka tare a makabarta, suna haƙa kaburbura tun kafin a buƙace su, manya da na yara, suna tanadin itace da ruwa. Aka kuma sami masu wanka waɗanda ake buga wa ƙofa ko da tsakar dare, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, irin su Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, masu ɗaukar gawar da ta rasa mai ɗauka.

Rayuwar mai haƙan kabari tana bin yanayin shekara kamar ta manomi, domin galibinsu manoman ne. Da rani ƙasa takan ƙeƙashe, inda aka ci karo da marmara diga takan yi tsalle ta dawo, kabari guda ya ci ƙarfin mutum biyu. Da damina kuwa a haƙa ruwa ya taru, a kwashe, gefe ya rufta, ga kuma tsofaffin kaburbura da ruwa ke zaftarewa, waɗanda shi ne zai bi da sassafe yana cikewa tun kafin wani ya gani. Shi ya san inda aka binne wane shekara ashirin da suka wuce, shi ke korar awaki da masu saran itace da dare. Abin da yake samu shi ne abin da masu gawa suka miƙa masa na goro, in sun tuna, sau da yawa kuwa ba su tunawa, shi kuma kunya da tsoron ɓata lada ba su barinsa ya buɗe baki. Mai wanka kuwa nasa nauyin ya fi wannan, domin an ɗora masa amanar ya rufe duk abin da ya gani a jikin mamaci, ya tafi da shi kabarinsa. Ga shi kuma ba a rasa jahilan da ke ƙyamar cin abinci ƙwarya ɗaya da shi. A 2025 BBC ta ba da labarin wani gida a Kaduna da ya shafe fiye da shekara hamsin yana kula da makabartar Tudun Wada ba tare da albashi ba, sai gab da fitar labarin ƙaramar hukuma ta fara biyansu. Mutane suka yi ta yabo da sa albarka, ni kuwa abin da na gani a labarin shi ne bashin shekara hamsin da birni guda ya ci.

Na san hujjar da za a kawo, kuma ba ta da rauni: za a ce aikin Allah ne, in kuɗi suka shiga ikhlasi ya fita, kuma daga biyan mai haƙa sai sayar da kabari, daga nan sai mu wayi gari inda Amurkawa suke. Amma fuƙaha'u sun riga mu duba mas'alar. A babin ijara na Mukhtasar, Shaihu Halil ya bambanta ibadar da ta wajaba a kan mutum shi kaɗai, wadda ba a karɓar lada a kanta, da farilla ta kifaya, masu sharhi kuma suka kawo wankan mamaci da ɗaukarsa da binne shi a matsayin misalin abin da ya halatta a ɗauki mutum aiki a kansa, muddin bai zama shi kaɗai ne ya rage da zai iya yi ba. Haka nan an tabbatar cewa kuɗin sutura su ake fara fitarwa daga dukiyar mamaci, kafin bashi da wasiyya da gado, matalauci kuwa suturarsa tana kan baitulmali, in babu, tana kan musulmi. Ashe ke nan shari'a ba ta taɓa ɗauka cewa binne mutum ba shi da tsada ba. Abin da ta yi shi ne ta fayyace wanda zai biya. Dokar ƙasa ma ta fayyace, domin jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sanya kafa makabartu da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Akwai kuma wani abu da ya wuce maganar adalci ga mutanen nan, shi ne amfanin da jama'a ke yin asararsa saboda sakaci da su. A watan Afrilu na 2020 masu haƙan kaburbura a Kano su ne suka fara cewa mace-mace sun wuce ƙa'ida, tun hukuma na musantawa. Sai a watan Yuni ministan lafiya ya ambaci mutum 979, ya ce rabi ko fiye da haka suna da alaƙa da korona. Mai haƙa ya riga likita sani, domin akasarin mutanenmu a gida suke cikawa. Mai wanka kuma shi ne farkon wanda kwalara ko zazzaɓin Lassa za su iya kamawa, ga shi da hannu tsirara. Tun a 2014, lokacin Ebola, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin binnewa bayan shawara da malaman addini, amma wa ya tara dattawan Malumfashi ya karantar da su? Ranar 19 ga Agusta, 2025, da aka auka wa masallata da asuba a Unguwar Mantau ta yankin Malumfashi aka kashe gommai, irin waɗannan mutane ne aka dubi fuskarsu, su haƙa wa jama'a da yawa a wuni guda, cikin fargabar kada maharan su komo.

Kiristocin Hausawa na wajen Malumfashi da Ƙafur, da 'yan kudu mazauna Funtuwa, suna da nasu tsarin: akwati daga wurin kafinta, wani lokaci ajiya a ɗakin gawa na asibiti, da motar haya da za ta kai mamaci garinsu. A nan ne ake iya ganin ɗan tsiron cinikin jana'iza, kodayake ikilisiya da dangi su ke riƙe da mafi yawan aikin har yanzu.

Abin da ya kamace mu, a ganina, shi ne a raba biyan ma'aikaci da aljihun mai gawa, domin ranar da aka kafa farashi a ƙofar makabarta, ranar talaka zai fara tsoron mutuwar ɗansa saboda dalili biyu. Wannan yanki na noma ne, waƙafi kuwa ƙofa ce buɗaɗɗiya a shari'a: gona guda ta masara ko waken suya da wani mai hali zai tsayar don makabartar garinsu tana iya ɗaukar abincin masu haƙa da alawayyon matalauta da safar hannu da sabulu, a ƙarƙashin kulawar liman da dagaci da hukumar zakka da waƙafi ta jiha. Ƙaramar hukuma kuma ta sa su cikin ma'aikatanta kamar yadda ta sa masu shara da masu gadi, ta kewaye filayen kafin masu yanka filoti su cinye gefensu, ta ba kowace makabarta littafin da za a rubuta sunan wanda aka kawo da shekarunsa da unguwarsa da ciwon da aka ce ya yi ajalinsa. Yahudawan birnin Prague sun kafa ƙungiyar binne matattu tun 1564, shiga cikinta kuwa girma ne da manyan gari ke nema; a wurinmu ma, in makarantun Islamiyya suka riƙa koyar da babin jana'iza a aikace, da likkafani da butar ruwa a gaban ɗalibai maza da mata, za a sami matasan da za su karɓi aikin daga hannun dattawan da yanzu ake ta zuwa ɗauko su da babur daga wannan unguwa zuwa waccan.